Mikroskof Cikin Leda

Sunana Angèle, ɗalibai na ce mani Tanti, kuma ni ke riƙe da makullan labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a wata babbar makarantar koyon aikin injiniya da ke bakin hanyar fita Dogon Dutsi. Ba zan faɗi sunanta ba, don har yanzu can nake aiki. Kafin in zo nan na yi shekara tara a labon wani kamfanin ma'adinai can arewa, ina yankan ƙarfe, ina goge shi, ina duba cikinsa. Na faɗi wannan ne tun da wuri, don kada wani ya ɗauka mai shara ce ta tashi tana koya wa farfesa aikinsa, kamar yadda aka yi ta faɗa a buro, wato ofis, daga baya.

Shekara shida ke nan da aka kawo mana mikroskof, wato na'urar da ake sa ido a ga cikin ƙarfe ya ƙaru sau ɗari biyar. Kyauta ce daga wata jami'a ta ƙetare. Ranar da aka sauke shi daga mota sai da na yi hawaye don murna. Aka ɗora shi kan teburin siminti a tsakiyar labo, na ɗauko reza zan yanke ledar da aka naɗe shi da ita, sai Darakta Jibrilla ya riƙe mani hannu.

"Madam Angèle, mi za ki yi?"

"Zan cire ledar."

"An ƙaddamar da shi ne?"

A wurinmu abu ba ya fara aiki sai wani babba ya zo ya yanke ƙyalle, an yi jawabi, an ɗauki hoto, an ci nama. Aka samu babba na farko, Darakta ya ce muƙaminsa ya yi wa na'urar kaɗan. Aka samu wanda ya fi shi, aka sa rana, kwana uku kafin ranar aka canza masa wurin aiki. Daga nan Darakta ya ce tun da abin daga ƙetare ya zo, sai babba daga Yamai, kuma sai masu kyautar suna nan a tsaye. Ƙyallen da aka saya ya koɗe cikin durowa, aka sayi wani. Ni kuwa aikina kowace safiya shi ne in goge ledar da jiƙaƙƙen tsumma.

Farfesa Abdussalamu ke koyar da darussa uku, don babu wani: lissafin injiniya, da elektroshimi, wato yadda wuta da ruwa da ƙarfe ke cin juna, da kuma duban cikin ƙarfe. Ba zan zalunce shi ba. A lissafi mutumin nan ba wasa, yana iya cika tabulo, wato allon aji, daga wannan gefe zuwa wancan bai kalli takarda ba, ya juyo ya gaya maka a layi na nawa ka ɓata. A elektroshimi ma ba laifi, ko da yake batir ɗaya muke da shi na gwaji, shi ma daga tsohuwar motarsa aka ciro. Darasi na ukun ne ke sa ni ciwon kai.

Yana da wani kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango, tun na lokacin da yake ɗalibi a Yamai. A shafi na arba'in akwai zanen cikin ƙarfe: ɗakuna goma sha biyu, kowanne mai kusurwa shida, duk girmansu ɗaya, a jere kamar saƙar zuma, da ɗigo uku a ɗaki na biyar, wai tsatsa ke nan. Malaminsa ne ya zana a tabulo ya kwafa, malamin kuma ya kwafo daga wani littafi da ba wanda ya san inda yake yanzu. Shekara ashirin da bakwai Farfesa yana koyarwa da wannan zane, a Yamai da nan. Da aka kawo mikroskof sai ya ce yanzu darasi ya zama na aiki da hannu, dole a gyara jarrabawa.

Ga yadda aka gyara ta. Ranar jarrabawa in ajiye guntun ƙarfe kusa da na'urar. Ɗalibi ya zo da farar riga, ya sunkuya, ya ɗora idonsa kan ledar daidai inda ake dubawa, Farfesa na kallon agogo. Daƙiƙa talatin ta cika ya ce, "Suivant," wato na gaba. Ɗalibin ya koma wurinsa ya zana abin da ya gani. Kowa kuma ɗakuna sha biyu yake gani. Masu wayo har murza maɓalli suke ta kan leda, wai suna gyara hoto, Farfesa ya ƙara masu rabin maki don natsuwa. Wurin ba da maki, yana da zanensa a kan takarda mai shara-shara. Ya ɗora ta kan ta ɗalibi, ya ɗaga su wajen taga, in layi ya hau layi, goma sha bakwai bisa ashirin. Bai taɓa ba kowa fiye da haka ba.

Shekara shida ina tsaye ina kallon wannan, ina cizon leɓe. Na yi magana sau biyu a farko, aka tuna mani cewa ni teknisiyan ce, aikina makulli da tsumma. Na ce to, Allah ya ba da sa'a.

Nusaiba ƴar garin Ɗan Kassari ce, tana aji uku, na ƙarshe. Ta maimaita aji na biyu saboda zazzaɓin taifot da ya kwantar da ita gab da jarrabawa. Dokarmu kuwa sau ɗaya ake maimaitawa. Wanda ya riga ya maimaita, ɗalibai na ce masa mai harsashi ɗaya: ya faɗi darasi ko guda ne, kora, babu gyara, babu dibilom, wato takardar shaidar kammalawa. Babanta mai gyaran amalanke ne, yakan kawo ta a babur farkon kowane zango, ya tsaya bakin ƙofar makaranta ya gaida kowa har da ɗalibai. Ita kuma yarinya ce mai tambaya, irin wadda malamai ke yabo a gaban mutane, su ji haushinta a ransu.

Wata Juma'a ta shigo labo da wani abu ƙunshe a gefen mayafinta. Guntun tiyon ƙarfe ne na famfon unguwarsu. Ta ce kowace shekara sai ya karye, kuma kullum a wuri ɗaya, kusa da inda aka haɗa shi da mahaɗin tagulla. Mata sun gaji da tafiya nesa ɗiban ruwa, wasu har sun fara cewa iska ce ke zaune cikin rijiyar, ba ta son ƙarfe.

Ta ce, "Farfesa ya ce in ƙarfe iri biyu sunka haɗu cikin ruwa, ɗaya na cin ɗaya. Lissafin na gane shi, Tanti. Amma ta ina yake cinsa? A zanen ban ga hanya ba, duk ɗakunan a rufe suke."

Na dube ta, na dubi ledar. Ƙarfe ɗaya ne na rana, maza duk sun tafi masallaci, tun daga Darakta har mai gadi, ni da nake Kirista ni ake bar wa makaranta kowace Juma'a. Kuran, wato wutar lantarki, ma yana nan, abin da ba kullum ba. Ban yi dogon tunani ba, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, ni ce na yi.

Na yanki ɗan guntu da zarto, na goge shi da takardar yashi mai kaushi, sannan mai laushi, sannan wadda ta fi laushi, ina zuba ruwa, har ya yi ƙyalli ta ga idonta a ciki. Na ɗiga masa ruwan asid, na ƙirga biyar, na wanke. Hannuwana ba su manta aikin ba, abin ya yi mani daɗi ƙwarai. Sannan na bi ɗinkin ledar ta baya da reza, na ɗage ta a hankali, na sa wayar wuta a bango. Fitilar ta kama nan take, bayan shekara shida a naɗe.

Na gyara hoton na matsa mata. Ta sa ido. Ta ɗago ta dube ni, ta sake sawa.

"Tanti, ba ɗaya suke ba."

"Ba ɗaya ba ne."

"Wasu manya, wasu ƙanana. Kamar gonar da anka raba wa magada, babu miƙaƙƙen layi ko guda. Ga wasu baƙaƙe masu zane-zane." Ta ƙara sunkuyawa, sannan ta ce, "Ga hanyar nan. Ta bi iyaka tsakanin wanga da wancan, ta karkata, ta sake bin wata iyaka. Ta nan yake ci, Tanti. Na gan ta."

Ta ɗauko kayenta ta fara zanawa, ta duba ta zana, ta duba ta zana. Ni na tsaya bakin ƙofa ina sauraren ƙarar babura. Da na ji na farko na kashe wuta, na mayar da ledar, na liƙe ta da salatif ta baya. Ta rungume ni ta fita. Abin da ban yi ba, kuma har gobe yana damuna, shi ne ban ce mata ta bar wannan zane cikin kayenta ba. Na ɗauka ba abin da ke buƙatar faɗi ba ne.

Bayan mako biyu aka yi jarrabawa. Ta zo da farar rigarta, ta sunkuya kan leda daƙiƙa talatin kamar kowa, ta koma ta zauna. Na ga ta daɗe tana zane fiye da sauran, ba ta kuma ɗauko rula ba, amma ban kawo komai a raina ba. Ranar Talata aka liƙa sakamako. Lissafi goma sha biyar, elektroshimi goma sha shida, duban cikin ƙarfe uku. A saman takardarta Farfesa ya rubuta da jan biro cewa ta zana abin da ta ga dama, ba abin da ta gani ba. Ranar Alhamis kwamitin jarrabawa zai zauna ya sa hannu, daga nan sai ta tattara kayanta.

Ta zo labo ta zauna kan kujera, takardar na hannunta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Ta ce, "Tambayar cewa ta yi a zana abin da anka gani, Tanti."

Na karɓi takardar na nufi buron Farfesa, ko sallama ban tsaya yi ba.

"Farfesa, takardar yarinyar ga daidai take."

"Madam Angèle, zauna mana."

Ban zauna ba. Ya ɗauko shara-shararsa ya ɗora, ya ɗaga wajen taga. "Dubi da kanki. Layi nawa ya hau? Ko guda. Ukun ma don tsabta ne na ba ta."

"Haka ƙarfe yake a ciki."

"Wane ƙarfe?"

"Tiyon famfon Ɗan Kassari."

Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo wa ƙara. "To kin ji. Ƙarfen ƙauye. Mu nan ƙarfen ilimi muke koyarwa, wanda ya bi ƙa'ida. In kowane tiyo zai zo da nashi zane, da mi zan gyara takardu arba'in?" Sai ya tsaya, murmushin ya tafi. "Ina ta ga cikinsa?"

Na gaya masa duka, har da reza. Ya cire tabarau ya ajiye kan tebur. Na ce ya zo ya duba da kansa, minti biyar ya isa, ƙarfen yana nan a goge.

Ya daɗe yana kallon zanen Nusaiba. Ya bi hanyar tsatsar da ta zana da ɗan yatsa, daga sama har ƙasa, ya dawo ya sake bi. Na ɗauka tashi zai yi, har na matsa daga bakin ƙofa. Sai ya ce, da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba, "Ɗalibaina sun fi dubu. Akwai masu gina gadoji, akwai daraktoci. Dukansu da wancan zanen sunka ci. Kina so in je in duba, in dawo in ce masu mi?"

"Ka ce masu ka duba."

Ya buɗe durowa ya saka takardar, ya mayar da tabaransa. "Ban ji abin da kika faɗa ba, Madam. Don amfaninki na faɗi haka."

Tausayinsa ya kama ni, gaskiya, amma haushi ya fi yawa. Kwana biyu ina jujjuya abin. In na yi shiru yarinya ta tafi gida hannu biyu, in na yi magana ƙila ni ce zan tafi. Ina da shekara hamsin da huɗu, babu wani labo da ke jirana. Safiyar Alhamis na sa guntun ƙarfen a aljihu, na je na tura ƙofar ɗakin kwamiti.

Su uku ne a zaune: Darakta Jibrilla, da Farfesa, da Malam Hakim sakataren makaranta, wanda ya haddace dokokinmu tun daga bango har bango. Ba a gayyace ni ba, ban kuma nemi izini ba. Na ajiye ƙarfen tsakiyar tebur, na ce abin da Nusaiba ta zana shi ne ke cikin wannan, ni na nuna mata, a cikin mikroskof, ranar Juma'a kaza.

Darakta ya miƙe tsaye a hankali. "Ledar fa?"

"Na yanke ta."

"Kin yanke ledar."

"Ta baya, ranka ya daɗe. Na kuma kunna shi. Yana aiki lafiya lau."

"Wa ya tambaye ki ko yana aiki?"

Ya dafe kai ya zagaya teburin. Ya ce shekara shida yana rubuta wasiƙu, yana bin ofis-ofis, yana tanadin wannan rana, yanzu da wane ido zai gayyato babba daga Yamai ya yanke ƙyalle kan abin da ƴar aji uku ta riga shi leƙawa? In masu kyautar suka ji fa? Maganar makin yarinya ko tayar da ita bai yi ba. Ya ce a tafi a ga ɓarnar.

Muka ɗunguma zuwa labo. Manya uku suka zagaya bayan na'urar suka sunkuya suna duban salatif. Darakta ya auna tsawon yankan da taƙin hannu, ya ce taƙi biyu da rabi, Malam Hakim ya rubuta. Na ce tun da dai an riga an yanke, ga kuran nan, ga ƙarfe, wani ya sa ido ya raba gardama. Ba wanda ya ji ni. Farfesa yana tsaye wajen taga ya ba na'urar baya, yana kallon wasu awaki a fili.

Da muka koma ɗakin kwamiti, Malam Hakim ya buɗe littafin dokoki, ya gyara murya.

"Kayan da ba a ƙaddamar ba, ba su shiga aiki ba. Abin da bai shiga aiki ba, ba a iya amfani da shi. Ke nan ba a yi amfani da shi ba."

Fuskar Darakta ta fara saki. "Ci gaba."

"Tun da ba a yi amfani da shi ba, ba wanda ya ga komai a ciki. Babban baƙonmu shi zai zama na farko, kamar yadda aka tsara. Leda kuwa ta tsufa ne ta tsage, za a sauya ta."

"Madalla."

"Sai dai ɗalibar. Ma'aikaciyarmu ta gurɓata mata ido da hoton da ba na hukuma ba, mako biyu kafin jarrabawa. Laifin ba nata ba ne. Takardar ta ɓaci, a soke ta, ta sake zama ranar Litinin ita kaɗai."

Bakina ba ya iya yin shiru, wannan halina ne tun ina ƙarama. Na ce, "Malam Hakim, yanzu ka ce ba ta ga komai ba. Da mi na gurɓata mata idon?"

Ya dube ni ta saman littafin, ya rage murya. "Madam Angèle, kina so ta sake ko ba ki so?"

Na kama bakina. Farfesa ya ce shi ba shi da ja, dama ba ya son a ce ya kori yarinya mai goma sha biyar a lissafi. Aka sa hannu. Ni aka ba ni takardar gargaɗi kan sakaci wurin kula da leda, aka kuma aike ni kasuwa in sayo sabuwa in naɗe. Na naɗe shi da hannuna, Darakta na tsaye yana nuna mani inda ta yi tattara.

Ranar Asabar da la'asar Nusaiba ta zo gidana da ke bayan coci. Na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa. Ta gode mani har sau uku, sannan ta yi tambayar da nake gudu.

"Tanti, wanne zan zana?"

Ni ce na yanke ledar, ni ce na tsaya gaban manya na ce zanenta gaskiya ne. Yanzu ga ta tana kallona da idon nan nata, tana jira in sake faɗin haka.

Na ce, "Na Farfesa."

"In na zana nashi na yi ƙarya."

"Ƙarya ce mana. Wa ya ce maki ba ƙarya ba ce?"

"To don mi kika nuna mani?"

Nan raina ya ɓaci, kuma ba da ita nake fushi ba, amma ita ce a gabana. Na ce, "Ke, saurara. Harsashi ɗaya gare ki, an ara maki wani, babu na uku. Ki zana naki ki sake cin uku, babanki ya zo da babur ya ɗauke ki. Can Ɗan Kassari wa zai saurari wadda anka kora kan maganar tiyo? Ki ci jarrabawarki, ki karɓi takardarki mai hatimi, sannan ki zana abin da kika ga dama ki liƙa bakin famfo. Kin ji ni ko ba ki ji ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ji."

Na shiga ɗaki na ɗauko rula da fensir. Babu wanda ya fi ni sanin zanen nan, shekara shida ina kallon ana yin sa: kowane gefe santimita biyu, ɗakuna huɗu a jere, jeri uku, ɗigo uku a ɗaki na biyar, na tsakiya ya ɗan fi sauran girma. Na zana mata ɗaya, na ce ta yi. Abin mamaki, yarinyar da ke warware lissafin da ke sa maza zufa ta kasa. Hannunta sai ya riƙa karkata, wannan ɗaki ya fito babba, wancan ya matse, wani layi ya lanƙwashe ya bi iyaka. Na buga tabarma na ce ta riƙe rular da kyau. Ta yi na biyar, ta yi na goma, ina yagewa. A na goma sha tara na ɗora nawa kan nata na ɗaga wajen rana, layi ya hau layi. Na ce ta ƙara ɗaya don hannu ya zauna.

Ranar Litinin ƙarfe tara muka haɗu a labo, mu uku. Na ajiye guntun ƙarfe kusa da na'urar, wani daban, kan ƙusa ne da na tsinta. Farfesa ya zauna ya cire agogonsa ya ajiye kan tebur. Nusaiba ta ɗaura farar riga ta zo ta sunkuya, ta ɗora ido kan sabuwar ledar.

Daƙiƙa talatin ta cika, Farfesa ya ce, "Ya isa." Ba ta ɗago ba. Ni ina tsaye daga gefe, ina ganin fuskarta. Idanunta duka biyu a rufe suke. Ya sake cewa ya isa, sannan ta miƙe, ta goge ledar da hannun riga inda ta jiƙe, ta koma kujerarta.

Ta ɗauko rula. Cikin minti goma ta gama, ta kai masa da hannu biyu. Ya ɗora shara-shararsa, ya tashi ya je wajen taga ya ɗaga. Ya duba kusurwa-kusurwa, ya ƙirga ɗigon. Sannan ya dawo ya zauna, ya rubuta goma sha bakwai, ya ja layi biyu a ƙasa.

Ya ce, "Kin gani ko? Da kika natsu kika duba da kyau, ga shi kin gani."

Ta ce, "Na gode, Farfesa."

Ya tattara takardunsa ya fita, bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Nusaiba ta cire farar rigar ta ninke ta ajiye. Na je zan rungume ta, don wallahi na yi murna, yarinyar ta tsira, dibilom ɗinta ya tabbata. Ta tsaya na rungume ta, hannuwanta na ƙasa. Da na sake ta sai ta ce, cikin ladabi, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Kin iya koyarwa, Tanti. Ko kaɗan hannuna bai karkata ba."

Ta fita ta ja mani ƙofar a hankali. Tun da nake aiki ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, kuma duk da haka da za a sake mayar da ni ranar Asabar, abin da na ce mata shi zan sake ce mata.